Pascualinar Ranar Ziyara

Bas ya bar unguwar Cerro har ya hau titin bayan gari kafin Zulma ta samu wurin zama. Ta zauna tana haki, ta ɗora tiren pascualina, gasasshiyar fulawa mai cikin alayyafo da ƙwai, a cinya, ta gyara fulas ɗin ruwan zafi a hammata, sannan ta zura hannu ƙarƙashin ƙyallen da aka ɗaure tiren da shi don ta ji ko gefen ya karye a turmutsitsin shiga mota.

Bai karye ba. Sai dai yatsanta ya taɓa wani wuri da ba ta gane ba.

Tun tana budurwa iri ɗaya take naɗe bakin pascualina, da babban yatsa, ninki bisa ninki, yadda mahaifiyarta ta koya mata. A nan kuwa naɗin ya baje, an danne shi da cokali mai yatsu. Ta ɗaga ƙyallen kaɗan ta leƙa. An yanka ɓawon ta gefe an mayar, an shafe wurin da ruwan ƙwai an sake gasawa, har ya fi sauran duhu. Ta danna saman a hankali. Inda ya kamata ta ji laushin alayyafo da cuku, ko santsin dafaffen ƙwai, sai ta ji wani abu mai tauri.

Ta saki ƙyallen, ta ɗora tafin hannu a kai. Mutumin da ke kusa da ita barci yake yi, kansa jingine da gilashi. Babu mai kallonta, amma ji ta yi kamar duk motar ta juyo.

Jiya da rana ta gasa ta, ta bari a kan tebur ta huce, ta tafi gidan tsofaffin da take yi wa girki. Ta dawo ta tarar da Dahiana, matar ɗanta Aníbal, ta zo kwana da 'yarsu Luz, kamar yadda ta saba duk jajibirin ziyarar Aníbal a kurkuku. Da safen nan Dahiana ta ce Luz ta tashi da zazzaɓi, ba za ta samu zuwa ba. Ita ta ɗaure tiren da kanta, ta rako Zulma har bakin ƙofa, ta rungume ta ta daɗe ba ta saki ba. Zulma har daɗi ta ji, don yarinyar ba mai yawan nuna irin wannan ba ce.

Ta ciro waya. Sai da ta yi ta kiran Dahiana kafin a ɗauka.

“Me kika sa a ciki?” ta tambaya, bakinta manne da wayar.

Ta bayan Dahiana ana jin talabijin, da Luz tana ƙyaƙyata dariya, dariyar da mai zazzaɓi ba ta yi. Sai kuka ya ƙwace wa Dahiana, maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. Wasu maza biyu ne suka same ta a shagon da take gyaran farce. Suka zauna cikin ladabi har ta sallami mai gyara, sannan ɗaya ya nuna mata hoto a waya: Aníbal yana barci a gadonsa na kurkuku, an ɗauka dab da fuskarsa. Suka ce ɓangaren da yake yana da masu shi, duk mai son ya ci gaba da barci irin wannan sai danginsa sun yi hidima. Ta ce musu ita ana caje ta har fata. Suka ce sun sani, ai ba ita suke nufi ba. Akwai tsohuwa mai furfura, shekara biyu tana zuwa duk mako da abinci iri ɗaya, har gandirobobi sun san ta. A ɓoye ƙullin da suka kawo a cikin abincin, ta nufi teburin caje na ƙarshe kawai, wajen wata gandiroba mai jan gashi. Ita za ta soka wuƙa a tsakiya ta ce a wuce.

“Mene ne abin?”

“Ban buɗe ba, Mama. Wallahi ban buɗe ba.”

“Aníbal ya sani?”

Dahiana ta ja hanci, ta ce ta yafe mata, ta kashe wayar.

Zulma ta riƙe wayar a hannu tana kallon waje. Gidaje sun fara ƙarewa, sai filaye da dogayen itatuwa da dawakai tsaye cikin yayyafi. Ta tuna Estela, wata da suke haɗuwa a layi, wadda aka kama bara da wani ƙulli a cikin ledar ganyen shayin mate. A gabansu aka fito da ita da ankwa, takalminta ɗaya ya cire ba ta ko tsaya ɗauka ba. Yanzu tana kurkukun mata, 'ya'yanta an rarraba wa dangi. Duk tashar da bas ya tsaya sai Zulma ta ce a ranta a nan za ta sauka ta koma gida. Ƙofa ta buɗe, ta rufe, tana zaune.

A tashar ƙarshe kusan duk waɗanda suka sauka mata ne, kowace da farar leda mai nuna abin ciki, yadda doka ta ce: soyayyen naman milanesa a cikin burodi, ganyen mate, sukari, sabulu. Layi ya riga ya miƙe jikin shingen waya, lema na gogar lema. Ruwan ya ƙara ƙarfi, iska mai sanyin watan Yuni tana shiga har ƙashi. Maimakon ta kama layi, Zulma ta tsallaka titi zuwa rumfar Perla.

Perla ƙatuwar mace ce mai dasasshiyar murya. Ta fara soya torta frita a nan ne lokacin da mijinta ke ciki. Ya gama wa'adinsa ya gudu da wata, ita kuwa ta ce ba ta ga dalilin barin kasuwa mai kyau saboda mutumin banza ba. Ranar ruwa ranar cinikinta ce, don babu wanda zai ji ruwa na sauka bai yi kwaɗayin torta frita ba. Tana murza kwaɓin fulawa, ta huda tsakiya da yatsa, ta jefa cikin kitsen da ke tafasa.

“Ga uwar alayyafo ta iso,” in ji ta ba ta ko ɗago ba. “Ranar da yaron nan zai fito, kore shar za a ba ki shi. Ki soya masa nama mana ko sau ɗaya.”

Da ta ji shiru sai ta ɗago. Ta dubi fuskar Zulma, ta dubi tiren, ta sallami matar da ke jira, ta ja Zulma bayan rumfa inda buhunan fulawa suke. Ta cika ƙoƙon mate ta miƙa mata, ta ce ta fara sha tukuna. Zulma ta zuƙa, ɗacin ya sauka. Ta faɗa mata komai cikin 'yan kalmomi.

Perla ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta ga iri-iri a bakin ƙofar nan. Ta ga waɗanda suka ɗauka aka kama. Ta ga waɗanda suka ɗauka suka wuce lafiya, mako na gaba aka ƙara musu kaya, na gaba ma haka, har ranar da mai jan gashin ta tafi hutu ba a gaya musu ba. Ta kuma ga waɗanda suka ƙi, aka kira su asibiti.

“To ke me za ki yi, da ke ce?” in ji Zulma.

“Ni ba ni da ɗa a ciki, 'yar'uwa. Duk abin da na faɗa miki, mai arha ne a wurina.” Ta nuna titi da haɓa. “Kin ga motar can mai ruwan toka? Duk ranar ziyara tana nan. Kallon masu shiga yake yi. Idan kin juya gida ma zai gani.”

Zulma ta leƙa. Ba a ganin na cikin motar sosai, sai jan wutar sigari.

Ta ce Perla ta ara mata wuƙa.

Perla ta koma gaban rumfa, ta tsaya ta tare wurin da faɗin jikinta, tana kiran masu wucewa da ƙarfi su zo su sayi mai zafi. Zulma ta durƙusa, ta ɗora tiren kan buhu, ta bi tsohon yankan da bakin wuƙa. Ƙamshin albasa da gyaɗar ƙamshi ya taso. An ƙwaƙule ƙwai guda ɗungurungum, a gurbinsa aka cusa wani ƙulli kamar kwalin ashana biyu a haɗe, naɗe da baƙin salatif, alayyafo ya manne a jikinsa. Ta ciro shi da yatsu biyu. Ba shi da wani nauyi.

Bayan rumfar akwai kwalbati, ruwan sama na gudu a ciki jawur da laka. Ta miƙa hannu a kai ta tsaya. Hoton da ba ta gani ba shi ya tsaya mata a ido: Aníbal yana barci, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, yadda yake yi tun yana goye. Shi ya tuƙa babur ɗin da aka yi fashi da shi a gidan mai, bai taɓa musu ba, ita ma ba ta taɓa ce wa kowa sharri aka yi masa ba. Amma ɗanta ne, kuma daren yau a wannan gadon zai kwanta. Idan ta mayar da ƙullin ta liƙe ɓawon, wataƙila ta wuce. Wataƙila ma babu abin da zai faru har ya fito.

Sai ta tuna takalmin Estela a tsakiyar hanya, mata suna kewaye shi suna wucewa. Ta tuna Luz. Uba a ciki, uwa ta riga ta tsorata har ta iya yin abin da ta yi. Idan ita ma aka rufe ta, wa ya rage?

Ta buɗe yatsunta. Ruwan ya juya ƙullin sau ɗaya ya shige da shi ƙarƙashin titi.

Ta wanke hannu a bokitin Perla, ta goge gurbin da tsumma, ta ɗaure tiren. Perla ta cusa mata torta frita guda a aljihun kwat, ta ce ba sayarwa ta yi ba, kada ta ɓata mata rai da zancen biya. Zulma ta tsallaka ta kama layi. Ba ta kalli motar ba.

Layin ya ja ta a hankali har cikin ɗakin caje. Ta miƙa katin shaida, aka buga mata tambari a hannu. Tebura ne jere, kowanne da gandiroba da wuƙa da safar hannu. A na ƙarshe wata mace mai jan gashi ta ɗago ta gan ta, ta yafito ta.

“Mama, zo nan, babu kowa.”

Zulma ta yi kamar kunnenta ya yi nauyi. Ta tsaya bayan wata mai goyo a layin wani dogon gandiroba da kowa ke gudu, don har burodi sai ya yayyaga. Tana jin idon mai jan gashin a wuyanta. Da aka zo kanta, dogon ya kwance ƙyallen, ya yanka pascualinar gida-gida, yana ɗaga kowane yanki yana dubawa. Ya kai wurin gurbin ya tsaya. Ya zura yatsa ya zagaya ciki, ya kai hanci ya shinshina.

“Me ke nan wurin?”

“Ƙwai ne, ɗana. Na cinye a layi. Ina da ciwon suga, in yunwa ta taso min ba na iya jira.”

Ya daɗe yana kallonta. Zulma tana tunanin ko wani wari ya saura, ko za a kawo kare. Ya juya yankin ya ga ɓawon da aka sake gasawa, ya tsaga shi biyu, ya murtsuke alayyafon da yatsa. Bai ga komai ba. Ya tura mata tiren, ya ce wani satin ta karya kumallo kafin ta fito. A ɗakin mata aka sa ta cire kwat da takalmi, aka lalube ta, aka karɓe fulas aka duba aka mayar. Da ta fito ta dafa bango ta ɗan tsaya.

Zauren ziyara cike yake da hayaniya, yara na guje-guje tsakanin teburan siminti, ko'ina ƙamshin abincin gida. Ta samu wuri ta zauna. Can aka buɗe ƙofar ƙarfe, Aníbal ya fito, ya rame fiye da makon jiya, an yi masa aski ƙwal. Ya hango ta ya yi murmushi, ya zo ya sunkuya ya sumbaci goshinta.

“Tsohuwa, kin sha ruwa yau.”

Amma kafin ya rufe baki idonsa ya sauka kan tiren. Bai tambayi Dahiana ba, bai tambayi Luz ba. Ya zauna, ya jawo tiren gabansa, ya juya shi a hankali yana bin gefen da kallo. Zulma ta zuba ruwa a mate. Duk hanyar nan tana ta shirya yadda za ta gaya masa abin da aka yi a bayansa. Yanzu ta ga ba sai ta gaya masa ba.

Ya kai kan gurbin. Fuskarsa ta yi fari fat.

“Ina yake?”

“Yana kwalbati.”

“Tsohuwa, kin san abin da kika yi?”

“Na sani. Kai ka san abin da ka yi?”

Ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe, magana ya riƙa yi ƙasa-ƙasa da sauri, ba ya kallonta. Ya ce watanni yana kaucewa, sun fasa masa haƙarƙari sau ɗaya ya ce mata faɗuwa ya yi a banɗaki. Sun rantse masa an gama da teburin, babu mai taɓa ta. Ya ce shi ya ce kada a gaya mata, don in ba ta sani ba fuskarta ba za ta nuna ba. Ya yi tunanin sau ɗaya ne kawai.

Ta ce da an kama ta fa? Ya kau da kai.

A kusurwar zauren wani mai ƙiba yana zaune da 'yar ƙaramar yarinya a cinya, yana ba ta madarar dulce de leche da cokali, yana goge mata baki da yatsa. Ya ɗago ya dubi Aníbal, ya ɗaga gira kamar mai tambayar lafiya. Aníbal ya sunkuyar da kai.

Zulma ta ɗauki yanki mafi kyau, mai ƙwai a tsakiya, ta ɗora masa a takarda. Ta ce ya ci. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce ta tsaya a kan ƙafarta ta wanke ganyen nan ɗaya bayan ɗaya, zai ci. Ya gatsa, yana taunawa hawaye na sauka.

Sannan ta gaya masa abin da ta sani daga shekara biyu na tsayuwa a layi. Akwai teburin babban jami'i can kusa da ƙofa. Wanda ya je ya ce ransa na cikin haɗari, ba a mayar da shi ɓangarensa. Keɓe shi za a yi, daga baya a ɗauke shi zuwa wani kurkukun, galibi can arewa wajen iyakar Brazil.

Ya ce in ya yi haka ya zama ɗan tsegumi har abada, ko ya fito sunan zai bi shi unguwa. Kuma arewa tafiyar yini guda ce, wa zai riƙa zuwa?

“Ni,” in ji Zulma. “Ba duk mako ba. Amma zan zo.”

Ya ce su fa da ke waje? Mutanen sun san shagon Dahiana, sun san gida. Ta ce wannan ya bar mata.

Ba su ƙara magana sosai ba. Ta ba shi mate ya sha ya mayar, ta sha ta sake cikawa, suka yi ta yi har ruwan ya huce. Ta ba shi labarin Luz ta fara iya rubuta sunanta, sai dai harafin ƙarshe a juye take yi. Ya ɗan yi dariya. Da aka busa usur na tashi, ya miƙe ya goge hannu a wando, ya rungume ta, ƙasusuwan bayansa duk a fili ƙarƙashin tafinta. Bai ce mata ga abin da zai yi ba.

Fursunoni suka fara jeruwa a bakin ƙofar ƙarfe. Mai ƙibar ya sauke yarinyar, ya tsaya a ƙarshen layi yana jiransa, har ya matsa masa wuri. Aníbal ya nufi wajen, kansa a ƙasa. Zulma ta riƙe bakin tebur. Ya kusa isa, sai ya karkata hagu, ya wuce layin, ya je ya tsaya gaban teburin jami'in, hannuwansa a baya. Ta ga jami'in ya ɗago, ya saurara, ya kira gandirobobi biyu. Suka sa shi a tsakiya suka fita da shi ta wata ƙofa daban. Mai ƙibar bai motsa ba. Ya juyo ya nemi Zulma da ido cikin mata har ya same ta. Ta ɗaure tirenta, ta bi sahun masu fita.

A waje ruwan ya tsagaita. Motar mai ruwan toka ba ta nan. Perla na kankare kasko, ta ɗago da tambaya a fuska, Zulma ta gyaɗa mata kai kawai ta wuce tasha. Tana tsaye wayarta ta yi ƙara. Dahiana ce. Ta bar ta ta ɗan yi ringi, sannan ta ɗauka.

Dahiana ta fara kuka da neman gafara. Zulma ta katse ta. Ta ce ta saurara da kyau: ta haɗa kayan Luz da nata, ta ɗauko maganin Zulma a kan firji, ta rufe gas, ta fita ta ƙofar baya. Su hau bas zuwa Las Piedras, gidan Nilda ƙanwar Zulma, a can za ta same su. Shago kuma kada ta sake takawa.

“Mama, bayan abin da na yi miki?”

“Wannan za mu yi maganarsa, ba yau ba,” in ji Zulma. “Ki sa wa yarinyar nan rigar sanyi mai kauri. Gidan Nilda akwai iska.”